Shin hauhawar matsin ido yana canza yadda koniya ke sarrafa haske?

Ɗalibar Ilimin Gani ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa masu aikin ido. Ni ɗaliba ce, bana muka fara shiga ɗakin duba marasa lafiya, kuma akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a rai, wadda na kasa samun amsarta a dunƙule cikin abin da aka karantar da mu.

An koya mana cewa koniya, wato tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido ta gaba, ita ce ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ido ke tattara haske da shi, domin a ma'aunin ƙarfin tattara haske da ake kira diyofta tana da 43 ko kusa da haka daga cikin kimanin 60 da ido ke da su gaba ɗaya. An kuma koya mana cewa ruwan da ke cikin ido yana tura ta daga baya ba dare ba rana, da matsin da a ido mai lafiya yakan tsaya tsakanin milimita 10 zuwa 21 a ma'aunin zaiba. Da na haɗa waɗannan biyun sai na ɗauka ido tamkar balan-balan yake: idan matsi ya ƙaru dole siffar koniya ta canza, idan kuma siffarta ta canza dole lambar tabarau ta canza.

Amma abin da na gani da idona bai bi wannan lissafi ba. A cikin mako guda na ga mutum biyu. Na farko dattijo ne da aka auna matsin idonsa aka sami 32, koniyarsa fes kamar babu abin da ke faruwa, tabaran da aka yanka masa shekara uku da suka wuce har yanzu shi ne daidai da shi, alhali kuwa jijiyar ganinsa ta riga ta yi rauni sosai. Ta biyu wata baiwar Allah ce da aka kawo da sassafe tana dafe da kai tana amai, idonta ɗaya ya yi jajir, koniyar ta yi hazo kamar gilashin da aka hura wa numfashi. Ta ce tun daren jiya duk fitilar da ta kalla sai ta ga zobe mai launin bakan gizo ya kewaye ta. Matsin wannan idon ya haura 60.

To me ya sa matsi bai taɓa koniyar dattijon ba, amma ya dusashe ta wannan matar? Kuma idan matsi zai yi wa koniya illa, me yake fara taɓawa, siffarta ko kuwa haskenta?

Malamin Fiziks ya rubuta:

Wa'alaikumus salam. Malama, zan amsa ɓangaren da ya shafi siffa kaɗai, domin nan ne fagena. Maganar hazo zan bar wa likitoci.

Misalin balan-balan bai tashi a banza ba, don kuwa matsin ne ke riƙe da siffar ido. Inda misalin ya gaza shi ne wajen irin kayan da aka gina bangon da shi. Roba tana ƙara miƙewa duk lokacin da aka ƙara mata iska, koniya kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari na kaurinta zaruruwan kolajin ne, wani furotin mai ƙarfi, da aka shimfiɗa hawa-hawa, ɗaruruwa a kan juna, kowane hawa zarensa yana fuskantar wata kusurwa dabam da ta maƙwabcinsa. Waɗannan zaruruwa suna da ɗan lanƙwashe-lanƙwashe muddin ba a ja su ba. Matsi kaɗan ya isa ya miƙar da su, kuma da zarar sun miƙe sai su ƙi ƙara ba da kai, ta yadda ƙarin matsi ba ya samun abin da zai ja sai ɗan ƙanƙani. Saboda haka ƙwallon fata ya fi dacewa a kwatanta ido da shi. Tsakanin ƙwallon da ya sace da wanda aka cika akwai bambanci babba, amma tsakanin cikakke da wanda aka ƙara wa iska bayan ya cika, da wuya ki ga bambanci a girma, sai dai ki ji shi a tauri idan kin danna.

Bari mu sa lambobi don maganar ta zauna. Matsin 15 daidai yake da na ruwa mai zurfin santimita 20, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne. Sai dai wata ƙa'idar fiziks da ake kira ƙa'idar Laplace ta nuna cewa jan da bangon ƙwallo ke sha shi ne matsin da ke ciki sau rabin faɗin ƙwallon, a raba da ninki biyu na kaurin bangon. Lanƙwasar gaban koniya ta yi daidai da ta ƙwallon da rabin faɗinsa milimita 7.8 ne, kaurinta a tsakiya kuma kimanin 0.55, don haka jan da zaruruwan ke ɗauke da shi ya ninka matsin ido kusan sau bakwai. Ki riƙe wannan, domin yana nufin duk inda bango ya sirance, ja yana ƙaruwa a wurin ko da matsin bai motsa ba.

Wani lissafin kuma shi ne yadda ƙarfin koniya ke bin lanƙwasarta. Idan 7.8 ɗin nan ya koma 7.7, ƙarfin zai ƙaru da fiye da rabin diyofta, mu kuwa mun san tazarar da ke tsakanin gilasan gwaji kwata ɗaya ce ta diyofta. Ke nan tabaran dattijon da bai canza ba shaida ce cewa lanƙwasar koniyarsa ba ta gusa ko da kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba, duk da matsin da ya ninka na yau da kullum. Wannan juriya tana ba ni mamaki duk lokacin da na yi lissafin.

Akwai dalili na biyu da ke taimaka wa wannan juriya. Ƙarin matsi yana neman yin abu biyu masu karo da juna. Idan bangon ido duka ya buɗe bai ɗaya, koniya za ta ɗan baje, ƙarfinta ya ragu. Amma a gefenta, inda ta haɗu da farin ido, zaruruwa suna zagayawa kamar ɗamara, kuma gwargwadon yadda wannan ɗamara ta ƙi buɗewa, tsakiyar koniya ce za ta turo gaba, lanƙwasar ta ƙaru. Ɗaya yana rage ƙarfi, ɗaya yana ƙarawa, abin da ya saura a tsakaninsu kaɗan ne. Ba don haka ba da gani bai zaunu ba ko na minti ɗaya, tunda matsin ido yana hawa yana sauka da milimita biyu ko uku tare da kowane bugun zuciya, yana canzawa tsakanin safiya da yamma, yana kuma ƙaruwa idan mutum ya kwanta.

Likitar Ido ta rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan siffa. Ƙanwata, amsar tambayarki ta biyu a taƙaice ita ce, a idon babban mutum mai lafiyayyar koniya, matsi yana fara taɓa hasken koniya tun kafin ya iya yi wa siffarta wani abin kirki, kuma hanyar da yake bi ita ce ruwa.

Sai mu fara da abin da ya sa koniya take garai-garai tun asali, domin wannan shi ne abin mamakin. Farin ido da koniya duka kolajin ne, amma ɗaya fari fat, ɗaya kuma haske na ratsa ta. Bambancin yana cikin tsari. A farin ido zaruruwan sun sha bamban a kauri, wasu sirara wasu manya, an kuma saƙa su ba bisa wani jeri ba. A koniya kuwa kusan duk kaurinsu ɗaya, kimanin nanomita 30 (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), tazarar da ke tsakaninsu ma kusan ɗaya ce, kuma ta yi ƙasa sosai da tsawon zangon hasken da muke gani, wanda ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700. Kowane zare yana warwatsa ɗan haske, amma saboda daidaiton jerin, abin da wannan ya watsa gefe sai na maƙwabcinsa ya soke shi, ba abin da ke wucewa sai wanda ya nufi gaba. Wani masanin kimiyyar ido mai suna David Maurice ne ya fito da wannan bayani a 1957, daga baya kuma aka nuna cewa ba lallai jerin ya zama cikakke kamar layin sojoji ba, ya wadatar kowane zare ya kiyaye tazara kusan iri ɗaya da na kusa da shi. Duk abin da ya ɓata wannan tazara, to ya kawo hazo.

Abin da ke riƙe da tazarar shi ne yawan ruwa, wanda dole ya tsaya kusa da kashi 78 cikin ɗari na nauyin koniya. Tsakanin zaruruwan akwai wasu sinadarai masu jan ruwa kamar soso, kuma ƙarfin wannan ja, wanda ake kira matsin kumburi, ya kai kimanin milimita 55 a ma'aunin da muke auna matsin ido da shi. Da za a bar koniya da kanta da ta sha ruwa ta kumbura ta yi fari. Abin da ke hana haka shi ne wata shimfiɗa guda ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta a bayanta, mai suna endotiliyom, wadda ke aiki kamar famfo, tana fitar da gishiri zuwa cikin ruwan ido, ruwa kuma ya bi shi. Babban mutum yana da ƙwayoyin nan kimanin 2,500 zuwa 3,000 a kowace murabba'in milimita, kuma idan sun mutu ba sa sake haihuwa, sai dai na kusa su baje su rufe gurbin.

Yanzu ki dubi mutanenki biyu da wannan ma'auni. Matsin dattijon 32 ne, ƙasa da matsin kumburi da nisa, famfon bayan koniyarsa yana aiki, kuma matsin ya hau ne sannu a hankali cikin shekaru, don haka babu abin da zai tura ruwa inda bai kamata ba. A wurin matar kuwa mashigar da ruwan ido ke fita ta cikinta ce ta toshe farat ɗaya, a kusurwar da ke tsakanin koniya da tantanin nan mai launi na baƙin ido, alhali ido bai daina samar da ruwa ba, kimanin maikurolita biyu zuwa uku kowane minti (maikurolita kashi ɗaya ce cikin dubu na mililita). Cikin 'yan sa'o'i matsin ya tsallake matsin kumburi. Da zarar haka ta faru sai ruwa ya ratsa tsakiyar koniya ya nufi gaba, ya tarar da shimfiɗar waje, wato epitiliyom, wadda ƙwayoyinta na sama suke manne da juna gam ba sa barin ruwa ya fice. Sai ya taru a tsakanin ƙwayoyin da ƙarƙashinsu, ya yi ƙananan ƙuraje na ruwa da ake gani da fitilar duba ido. Hazon da kika gani ke nan, kuma kin kwatanta shi daidai.

Illar ta yi yawa ne saboda wurin da ta faɗa. Mafi yawan karkatar da haske a gaban koniya ake yin sa, inda haske ke barin iska ya shiga abin da ma'aunin karkatarwarsa 1.376 ne. Fuskar da ke yin wannan babban aiki ba ta jure kaushi ko kaɗan, shi ya sa gani yakan faɗi warwas alhali kaurin koniyar bai ƙaru sosai ba.

Lambar 55 ba iyaka ce da aka shata da alƙalami ba. Saurin hawan matsi yana da muhimmanci, haka ma lafiyar famfon. Na sha ganin ido da matsi a kan 45 koniya tana nan garau saboda a hankali ya hau, na kuma ga wanda ya yi hazo tun bai kai nan ba saboda ƙwayoyin bayan koniyar sun riga sun ƙaranta. Akwai kuma wata hanya da ba ta ruwa ba. Idan kin sami idon dabba a ɗakin gwaji kin matse shi da yatsu, koniyar za ta yi hazo nan take, kina saki kuma ta washe, saurin da ruwa ba zai iya shiga ya fita da shi ba. A nan jan ne da kansa ya gurɓata jerin zaruruwan na ɗan lokaci.

Abin da na fi so ki ɗauka shi ne na dattijon, domin irinsa ne suka fi yawa kuma su ne suka fi shiga haɗari. Hawan matsi na sannu ba ya barin wata alama a koniya, ba ya canza tabarau, ba ya kawo ciwo. Wurin da bangon ido ya fi rauni yana can baya, inda jijiyar gani ke fita ta wani faifai mai huji-huji kamar rariya, kuma can ɓarnar ke tafiya shiru. Kada garau ɗin koniya ya taɓa sa ki fasa auna matsi ko duba jijiya.

Ɗalibar Ilimin Gani ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Likita, yanzu na fahimci inda lissafina ya kauce. Sai dai bayaninku ya haifar mini da wata damuwa. Tunda ta jikin koniya muke auna matsin, kuma ga shi matsin yana canza ruwanta da taurinta, ashe lambar da na'ura ke ba mu ba za ta gurɓata ba? Sannan Malam ya ce ja yana ƙaruwa inda bango ya sirance. Shin wannan yana nufin akwai idanun da matsin yau da kullum ma zai iya sauya musu siffa?

Tsohon Mai Auna Gani ya rubuta:

'Yata, tambayoyinki biyu duka amsarsu i ce, kuma ta farkon ta daɗe tana ba masu wannan aiki wahala.

Na'urar da har yanzu ake ɗauka a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran da shi ita ce wadda likitan ido Hans Goldmann ya ƙera a birnin Bern na ƙasar Suwizalan cikin shekarun 1950. Ba ta shiga cikin ido ta auna ruwa, abin da take yi shi ne ta danna gaban koniya har ta baje wani da'ira mai faɗin milimita 3.06, sannan a karanta ƙarfin da aka yi amfani da shi. An zaɓi wannan faɗi ne domin a daidai nan turjiyar koniya da jan da hawaye ke yi wa kan na'urar suke soke juna, amma wannan sokewa ta dogara ne a kan koniya mai kaurin kusan rabin milimita. Mai kaurin koniya zai ba da lamba sama da gaskiya, mai siririya kuma ƙasa da gaskiya. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan masu hawan matsin ido, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda kaurin koniyarsu bai wuce maikuron 555 ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) sun ninka waɗanda nasu ya haura 588 kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da gilakoma, wato cutar da ke lalata jijiyar gani. Tun daga lokacin auna kauri ya zama abokin tafiyar auna matsi.

Amma ki yi hattara da jadawalin nan da ke cewa a ƙara kaza a rage kaza bisa kauri. Ni ban yarda a dogara da shi ido rufe ba, saboda kauri dabam, tauri dabam. Koniyar da ta kumbura da ruwa ta yi kauri, amma ta yi laushi, don haka lambar da za ta bayar ƙasa take da gaskiya, akasin abin da jadawalin zai faɗa miki. Mai yiwuwa matsin matar da kika gani ya ma fi abin da aka karanta.

Wani abu da na gani ya koya mini wannan darasi yadda ba zan manta ba. Wani saurayi ya zo wurina 'yan makonni bayan an yi masa aikin LASIK, wanda ake ɗaga wani siririn murfi a gaban koniya a goge ƙarƙashinsa da lesa a mayar. Ganinsa ya dusashe, ana ta ƙara masa maganin ɗigawa na sitiroyid bisa zaton kumburin bayan aiki ne, kuma da na auna tsakiyar koniya lambar ta fito cikin iyakar lafiya. Hazon ne bai kwanta mini a rai ba, sai na sake aunawa a gefe, wajen murfin, na sami abin da ya haura 40. Ashe maganin ne ya ɗaga matsin, matsin ya tura ruwa ya taru a ƙarƙashin murfin, na'urar kuma tana danna wannan 'yar jakar ruwa ce kawai. Na mayar da shi wurin likita a ranar, aka tsayar da sitiroyid aka sauke matsin, hazon ya washe. Da an ci gaba da bin lambar tsakiya, da jijiyarsa ce za ta biya kuɗin.

Game da tambayarki ta biyu, ina ganin ya kamata a ɗan sassauta maganar Malam, domin juriyar da ya bayyana ta koniya mai ƙarfi ce. A cutar keratokonas wani sashe na koniya yana sirancewa yana rauni, sai matsin da bai wuce na kowa ba ya riƙa tura shi gaba shekara da shekaru har ya yi tsini, gani ya karkace yadda tabarau ba ya iya gyarawa. Yawan murza ido yana tsananta abin, domin kowace murza tana ɗaga matsi nesa da iyaka na ɗan lokaci tana kuma mutsuttsuka zaruruwan. Maganin da aka samar a birnin Dresden na Jamus, wanda aka wallafa sakamakonsa na farko a kan mutane a 2003, bai nemi rage matsi ba. Ana jiƙa koniya da ribofilabin, wato bitamin B2, a haska ta da hasken ultrabayolet domin zaruruwan su ƙulla da juna su ƙara tauri, wato bangon ake ƙarfafawa.

Malamin Fiziks ya rubuta:

Baba, na karɓi gyaran, kuma ƙa'idar da na kawo ma tana goyon bayanka: wurin da ya sirance yana shan ja fiye da kewayensa, jan yana ƙara miƙe shi, miƙewar tana ƙara sirantar da shi, abin ya riƙa ciyar da kansa.

Zan ƙara kalma ɗaya a kan zoben da matar ta gani, tunda wannan ya dawo fagena. Ko da yake launukansa sun yi kama da bakan gizo, hanyar samuwarsa dabam ce. Lokacin da ruwa ya shiga tsakanin ƙwayoyin shimfiɗar waje, sai ya zama akwai dubban ƙananan abubuwa masu girma kusan ɗaya, ma'aunin karkatar da haskensu ya bambanta da na ruwan da ke kewaye da su. Haske idan ya ratsa irin wannan jeri yakan bazu zuwa wata kusurwa da ta dogara da tsawon zangonsa a raba da girman abubuwan. Da ƙwayoyi masu faɗin maikuron goma da haske mai zangon rabin maikuron da ɗoriya, kusurwar takan kama digiri uku ko kusa da haka. Ja ya fi shuɗi tsawon zango, don haka ja ne a bakin zoben ta waje, shuɗi a ciki. Idan mara lafiya ya iya faɗa miki wannan jeri na launi, ya ba ki bayani mai daraja.

Likitar Ido ta rubuta:

Haka ne, Malam, sai dai ba kowane zobe ne daga matsi ba. Yanar ido a farkonta tana iya kawo shi, majinar da ta kwanta a kan koniya ma haka, amma na majina yana gushewa da ƙiftawa. Zoben da ya zo da ciwon ido, ciwon kai, jan ido da tashin zuciya shi ne ba a kwana da shi, domin kowace sa'a tana cin jijiya tana kuma kashe ƙwayoyin bayan koniya. A irin wannan hali hazon kan hana mu ganin kusurwar da ta toshe, sai mu ɗiga gilisarin a kan koniya ya tsotse ruwan shimfiɗar waje, ta washe na 'yan mintoci mu duba. Wannan kansa hujja ce cewa ruwa ne sanadin.

Akwai wurare biyu kuma da misalin balan-balan ɗinki ya yi daidai. Na farko idon jariri ne. Har zuwa wajen shekara uku bangon ido yana da laushi, don haka jaririn da aka haifa da toshewar mashigar ruwa idonsa gaba ɗaya yake girma. Faɗin koniyar sabon haihuwa kimanin milimita 10 ne, kuma idan ya haura 12 kafin shekara ɗaya dole a yi zargin gilakoma. Tantanin da ke bayan koniya, wanda ake kira da sunan Descemet, ba ya miƙewa kamar sauran, sai ya tsage ya bar layuka da ke nan har abada, ruwa ya shiga ta tsagar, koniya ta yi hazo. Idon kuma yana ƙara tsawo, kowace milimita ɗaya tana kawo kusan diyofta biyu da rabi zuwa uku na rashin ganin nesa. Abin baƙin ciki shi ne iyaye sukan ɗauki manyan idanun a matsayin kyau, har sai yawan hawaye da gudun haske sun sa su neman taimako.

Na biyu shi ne kishiyar tambayarki, wato lokacin da matsi ya faɗi ƙasa sosai, misali ƙasa da biyar ko shida bayan rauni ko aikin da ya bar ruwa yana zurara. A nan zaruruwan suna komawa ga lanƙwashewarsu ta asali, bayan koniya ya yi tamoji, fuskarta ta rasa daidaito, gani ya riƙa canzawa har da nauyin fatar ido. Shimfiɗar tsakiya ta koniya tana iya kumbura, amma shimfiɗar waje takan zauna lafiya, tunda babu matsin da zai tura ruwa har can. Saboda haka idan kin ga hazo, ki lura da shimfiɗar da ruwan ya taru a cikinta, domin wurin yana ba da labarin matsin tun kafin a ɗauko na'ura.

Ɗalibar Ilimin Gani ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Matar ta dawo jiya, bayan an sauke matsin an kuma huda mata ƙaramar kafa da lesa a tantanin mai launi na idanun biyu, don kada ɗayan ma ya toshe. Na nemi izinin malaminmu na auna ta da abin da kuka koya mini a zuciya. Koniyar ta washe sarai, lanƙwasarta kusan ɗaya take da ta ɗaya idon, kuma tsohon tabaranta ya koma yi mata aiki. Amma da aka ɗauki hoton bayan koniya, ƙwayoyin idon da ya yi ciwon sun fi na ɗayan girma kuma sun fi su ƙaranci a fili. Malaminmu ya rubuta adadin a katinta, ya ce duk ranar da za a cire mata yanar ido sai likitan da zai yi aikin ya fara duba wannan lamba.